Inda Bibi Za Ta Yi Ƙwai

Zuwa ga ƙanena Famau,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Tima da yara, da zafin Mombasa. Mu nan tsibirin Kiwayu sai godiya. Idon Baba dai ya ƙarasa tafiya, amma bakin yana nan daram.

Iskar kusi, iskar kudun nan ta kowace shekara, ta taso, ka san abin da teku ke amayo mana idan ta taso. Bana abin ya wuce misali: silifas, gorunan roba, ledoji, har da kan 'yar tsana. Mu da shago ɗaya tal gare mu, sai ga sharar duniya a ƙofarmu. Kwana uku ni da matan unguwa muna tarawa. Ƙonawa ba ta yiwu ba, hayaƙin na tayar wa Baba da tari. Sai muka yi abin da muka iya, muka haƙa ramuka muka binne, yadda muke binne ɓawon kwakwa ya yi laushi mu murza igiya. Gaɓar ta yi fes, ka ce ba ita ba.

Shi kuwa Baba kullum da safe tambayarsa ɗaya, wai Bibi ta fito? Kunkurun tekun nan nasa nake nufi, tsohuwar kififfiya mai tsagaggen baya, wadda yake gadin ƙwanta tun kafin a yaye ka. Ba kowace shekara take zuwa ba, bana ce shekarar zuwanta, kuma ya ce ba ya jin zai kai wani zuwan nata.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka, Mwanakombo

Zuwa ga Yaya Mwanakombo,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso, Allah ya saka da alheri. Ki durƙusa ki gaida mini Baba.

Yaya, kada ranki ya ɓaci, amma roba ba ɓawon kwakwa ba ce. Yashi ba ya cin ta, jikokinmu ma za su tarar da ita yadda kuka sa ta. Kuma ba ki faɗa mini inda kuka haƙa ba. Ina fata ba a gindin tudun yashi ba ne, domin nan kaɗai ruwa ba ya kaiwa, nan kuma Bibi take haƙa. Na nemi hutu a wurin aiki, an ce sai bayan watanni biyu.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Famau

Famau,

Salamu alaikum, ina gajiya. Sannu malam mai ilimi, da ka aiko da wa'azin nan tun kafin mu ɗauki shebur. A gindin tudun ne mana. Ina kake so mu binne, inda ruwa zai tone kafin la'asar?

Bibi ta fito. Safiya uku a jere ina tarar da sawunta. Takan haƙa kamu biyu ta ci karo da silifas, ta bari ta matsa gaba, ta sake cin karo. Jiya ramuka biyar na ƙirga, babu ƙwai ko ɗaya, ga sawun komawarta teku. Wallahi zama na yi na sha kukana, ni da hannuna na toshe mata.

Mun koma mun tone duka, mu goma sha ɗaya, har hannuwa suka yi kanta. Amma ledojin sun farfashe sun cakuɗe da yashi, a ƙarƙashi kuma ga wasu tsofaffi da ba mu muka binne ba. Muna cikin tonon sai ruwan teku ya cika ya hauro, ya ajiye mana sababbi. Mwanaidi, ɗaya daga cikin matan, ta jefar da kwandonta ta ce ita ta gaji da yi wa teku wankin gida. Ban ga laifinta ba.

Na ɓoye wa Baba. Ashe aikin banza na yi, ya sa an kai shi ya shafa sawun da tafinsa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya ce kawai, "Cikinta ya yi nauyi, ba za ta iya jira ba."

Ka sa mu a addu'a.
Mwanakombo

Famau,

Salamu alaikum. Ban jira amsarka ba.

Bibi ta zubar da ƙwan nata a ruwa. Da safe muka gan su suna yawo cikin kumfa tare da murafen gora. Tara na tsamo. Baba ya san ruwan gishiri ya kashe su, duk da haka ya ce a binne su kamar yadda ya kamata. Na riƙe masa hannu muka bi gaɓar daga farko har ƙarshe, yana tura hannu cikin yashi har gwiwar hannu. Ko'ina sai ya zaro roba.

Mun dawo da su gida cikin hularsa, suna nan kusa da tabarmarsa. Ya ce in tambaye ka, kai da ka fita ka ga duniya, ko ka san inda yashi mai tsabta ya rage.

Allah ya kiyaye ka.
Yayarka, Mwanakombo