Ƙofar da Ta Ja Malama Hauwa a Kan Kwalta

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya sayar mini da mota, reshen Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar Musulunci, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Hajiya Rabi, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce ni, na yi ritaya ina zaune a Nassarawa GRA. Ba ka san fuskata ba, domin duk zuwan da na yi ofishinka ko dai ka shiga taro ko ka tafi Legas. Sakatarenka kuwa ya san ta har ta gundure shi. Shi ya sa na biyo ta jarida, inda babu mai ce mini in dawo gobe.

Direbana, Malam Sabo, yana kwance a asibiti da ɗan sanda zaune a bakin gadonsa. Jira ake ya iya magana a kai shi gaban alƙali, a kan ɓarnar da ƙofar motarku ta yi. Saboda shi na rubuto, kuma zan faɗa maka yadda aka yi daki-daki, don kada gobe ka ce ba a sanar da kai ba.

Na farko. Motar nan sabuwa dal na saye ta a hannunku, ba 'yar Kwatano ba ce. Ƙaramar bas ce ta iyali, mai ƙofar gefe da take zuge kanta idan an danna maɓalli. Ranar da na je gani, ma'aikacinku har hannunsa ya sa a bakin ƙofar, ta taɓa shi ta koma da baya, ya dube ni yana murmushi ya ce ko gashin kaza ta taɓa sai ta koma. Saboda wannan ƙofa na saya, domin yawancin waɗanda zan ɗauka mata ne masu ciwon gwiwa irina. Ko damina ɗaya ba ta yi ba ta fara hauka. Ta buɗe da kanta muna tsakiyar titi, ta rufe babu wanda ya taɓa ta. Ta taɓa matse kwandon cefane ta farfasa mini ƙwai, kuma ba ta koma da baya ba sai da aka fizge shi.

Malam Sabo ya kai ta garejinku, ya sake kaiwa, har masu gadinku suka fara tsokanarsa ko ɗaki ya kama a wurin. Kowane zuwa sai a fesa mata mai, a zuge ta a gabansa, a ce lafiyarta ƙalau. Ƙofar kuwa munafuka ce, a gabanku ladabi take yi. Na zo da kaina na ce a canza ta, tunda garanti bai ƙare ba. Aka ce sai kamfanin da ya ƙera motar a can ƙasarsu ya amince. Na tambaya ko mu ajiye ta kafin nan, aka ce mu ci gaba da hawa, babu abin da za ta yi. A ɗakin jiranku ranar na haɗu da wani Alhaji mai irin motata, shi ya gaji ya ɗaure tasa ƙofar da igiyar shanya.

Na biyu, maganar labule, tunda a bayansa kuka ɓuya. Asabar da Lahadi mata suna taruwa karatu a gidana. Malama Hauwa ce take koyar da mu, daga Kawaji take zuwa. Idan an tashi, Malam Sabo ne yake mayar da na nesa gidajensu. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a mazaje suka fara tambayar wane ne yake ɗaukar matansu, wasu ma suka so hana su zuwa. Malam Sabo da kansa ya kawo shawarar a sa labule tsakanin kujerar direba da baya. Dattijo ne mutumin wani ƙauye a Jigawa, tun maigidana yana raye yake tuƙa mu, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya kalli matar wani ba. Tela ya ɗinka, aka ɗaura siririn ƙarfe a rufin motar aka rataya. Mazaje suka samu natsuwa, karatu ya ci gaba.

Daga nan aka yi tsari wanda kowace mace ta sani. Idan an iso ƙofar gidanta, za ta sauka, ta tattara kayanta, sannan ta danna maɓallin da hannunta. Shi Malam Sabo ba ya waiwaye, ba ya leƙe. 'Yar fitilar da ke gaban sitiyari yake kallo. Idan ta mutu, ya san mace ta sauka lafiya ta rufe da kanta, sai ya ja. Wasu matan ko muryarsu bai taɓa ji ba. Duk tsarin ya tsayu ne a kan abin da kuka rantse mana a kai, cewa ƙofar ba ta rufuwa sai an rufe ta.

Na uku, abin da ya faru. Ba na cikin motar. Daga bakin Malama Hauwa na ji, da bakin mai shayin da komai ya faru a gabansa, sauran kuma idona ya gane mini.

Bayan la'asar ne, ranar wata Lahadi, Malama Hauwa ce ta ƙarshe a motar. Malam Sabo ya tsaya a bakin layinsu. Ta sauke ƙafa ɗaya ke nan, tana jawo jakar littattafanta, ƙofar ta taho da kanta. Ta doke ta a kafaɗa ta hankaɗa ta waje, ta damƙe hijabinta tun daga baya haɗe da igiyar jakar. Ba ta koma da baya ba. Fitila ta mutu, Malam Sabo ya ja.

Ranka ya daɗe, ka san yadda hijabi yake zama a wuya. Da motar ta fizga, shi ya shaƙe ta, ko salati ba ta iya yi ba. Ta faɗi ta bayan taya inda madubin gefe ba ya gani. Aka ja ta a kan tsakuwa, aka hau kwalta da ita, fuskarta a ƙasa, ƙugunta yana dukan bakin kwata. Mutane suka biyo da gudu suna dukan motar, wani ɗan acaɓa ya sha gabansa ya gindaya babur, sannan Malam Sabo ya taka burki. Har lokacin bai san me ya faru ba, ya leƙo ne yana tambayar ko lafiya.

Ta taga aka jawo shi. Wani ya ce ɓarawon mutane ne, ga labule nan shaida. Shi ke nan. Bencin mai shayi aka fara kwaɗa masa a fuska. Aka bi da duwatsu, aka bi da icen mai tuyar ƙosai da wutarsa a jiki, aka tattaka shi a cikin kwata har farar rigarsa ta koma ja. Mutumin da a shekaru ya haifi yawancin masu dukansa aka yi wa wannan dukan kawo wuƙa. An riga an rataya masa taya ana neman fetur, sai limamin unguwar ya fito ya kwanta a kansa, ya ce sai dai a ƙone su tare. Duk tsawon wannan lokaci Malama Hauwa tana maƙale a jikin motar, domin ƙofar da ta rufe da kanta ta ƙi buɗuwa. Da wuƙar mai tsire aka yanke hijabin.

Da na isa asibiti ban gane ko ɗaya daga cikinsu ba. Malama Hauwa ta karye a ƙugu, fatar rabin fuskarta ta tafi, maƙogwaronta ya lalace. Matar da idan ta ja aya a tsakar gidana har mai ba fulawa ruwa yake tsayawa da aiki, yau sai ka kai kunne bakinta kake jin abin da take faɗa. Malam Sabo an karya masa muƙamuƙi, an ɗaure masa baki da waya, idonsa na hagu ya tsiyaye. Na yi kuka, na kuma yi fushin da ban taɓa yin irinsa ba, har yanzu kuma yana nan bai sauka ba.

Na huɗu, amsarku. Motar tana ofishin 'yan sanda. Bayan na yi ta zarya, kuka turo injiniya. Ya zagaya ta hannu a aljihu, ya leƙa ciki, ya ga labule, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya yi tsintuwa. Ya ce an yi wa motar aikin da ba na kamfani ba, saboda haka garanti ya faɗi, kuma ba ruwanku da duk abin da ƙofar ta yi. Ya ƙara da cewa tufafin fasinjar ma ya yi tsawo.

Wannan rainin hankali ne. Labulen yana rufin mota a bayan direba, na'urar ƙofar tana can ƙasa a gefe, me ya haɗa su? Duk zuwan da aka yi garejinku labulen yana nan, ma'aikatanku har ɗage shi suke yi su goge kujeru, babu wanda ya taɓa cewa uffan. Sai da jini ya zuba sannan ya zama laifi. Maganar tsawon tufafi kuwa, ka buɗe tagar ofishinka ka dubi titi, ka faɗa mini abin da matan Kano suke sawa. A nan kuka kawo motar, mu kuka sayar wa, kuna kallon hijabinmu kuka miƙo mana makulli.

Na nemi kamfanin da ya ƙera motar ta hannun ɗana. Suka ce maganar tana hannun wakilinsu na Kano. Na dawo wurin wakilinsu na Kano, wato kai, aka ce tana hannun masu ƙerawa. Haka kuke ta mayar da ni tsakaninku, ni da furfurata, alhali mutane biyu suna kwance.

Na biyar. Malam Isuhu, mijin Malama Hauwa, ya kai ƙara kotun Shari'a, kuma ban ga laifinsa ba. Ya bar matarsa ta fita koyar da Alƙur'ani, aka dawo masa da ita a haka. Shi abin da ya sani, direba ne ya ja mota. Abin da alƙali zai nema shi ne ko ganganci ne na direba, ko kuwa na'ura ce ta yaudare shi. Mai shayi ya ga ƙofar ta taho da kanta, Malama Hauwa ma ta faɗa da ɗan abin da ya rage na muryarta. Amma lauya ya gaya mini muddin bayanin injiniyanku yana nan a kan cewa ƙofar lafiyarta ƙalau kafin mu taɓa motar, to a kan Malam Sabo abin zai ƙare. Da zamanin soja ne wataƙila da na haɗiye na bar wa Allah. Yanzu mun tsaya a rana mun jefa ƙuri'a, an kuma ce mana Shari'a ta zo ne don babba da ƙarami su durƙusa wuri ɗaya a gaban alƙali. To ina so in ga kamfaninku ya durƙusa inda direbana zai durƙusa.

Ga abin da nake nema, kuma ba gyaran motar ba ne, domin ko da zinare kuka canza ƙofar ba zan sake shiga cikinta ba. Ka janye maganar labulen nan. Ka turo wanda zai tsaya a kotu ya yi rantsuwa ya faɗi gaskiyar abin da aka riƙa kawo motar a kansa, da amsar da aka riƙa ba mu. Ka kira duk wanda kuka sayar wa irin wannan mota a garin nan a duba ƙofarsa, domin da yawansu 'ya'yansu suke kaiwa makaranta a ciki. Sannan ka taka da ƙafarka ka je asibitin nan ka ga mutanen biyu, ba saƙo ba, ba sakatare ba.

Abin da ya fi damuna na bari a ƙarshe. Jiya na je duba Malam Sabo. Ya yafito ni, na sunkuya, ya yi magana ta tsakanin haƙora da ƙyar. Ya ce, "Hajiya, ki daina wahala. Ni ne a kan sitiyari. In alƙali ya tambaye ni, zan ce ni ne." Na yi masa faɗa, na lallashe shi, na kawo masa limamin da ya cece shi ya yi masa nasiha, ya kawar da kai. Shi a ganinsa amanar matar mutane aka ba shi, ya ja ta a ƙasa, kuma ba zai tsaya gaban alƙali yana ɗora laifi a kan ƙarfe ba. Na san shi, abin da ya faɗa shi zai yi. Idan kuwa ya faɗa, magana ta ƙare, za a rubuta shi a matsayin mai laifi, kuma da wannan sunan zai koma ƙauyensu da ido ɗaya.

Likita ya ce ba da jimawa ba za a kwance masa wayar, daga nan sai kotu. Iyakar lokacin da ya rage maka ke nan.

Allah ya tsare matarka da 'ya'yanka mata daga abin da idona ya gani. Allah ya raba ka da haƙƙin bayinsa, ya ba ka ikon faɗar gaskiya kafin Malam Sabo ya buɗe baki.

Wassalam, daga wadda take jiranka a bakin gadonsa,

Hajiya Rabi,
Nassarawa GRA, Kano.