Idon da zai ɗauke gidan Baba

Maman Rafia,

Na fita bayan asuba, ban so in tashe ki ba. Na tafi Adum wajen Opanyin Boakye, tsohon nan mai gyaran kamara.

Jiya na je gidan Baba a Moshi Zango in ɗauki hoton tsakar gida kafin a rushe. Idon da ke kan kamarata ba ya cin faɗi. In na kamo rijiya, ɗakin Inna ya fita. In na kamo ɗakin, mangwaro ya fita. Na yi ta ja da baya har na zauna cikin bahon wankin 'yan haya. Yara sun ji daɗi sosai paa.

Opanyin yana da tsofaffin idanun kamara biyu masu cin faɗi. Mai lamba 24 yana kwashe komai, sai dai ga nauyi, kuma yana lanƙwasa bango. Gidan nan kuwa ya lanƙwashe da kansa, ba ya neman taimako. Mai lamba 28 ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihun riga, da 'yar ƙura a cikinsa. Shi zan ɗauko. Tsohon idon nan sa'ana ne, za mu fahimci juna.

Don Allah ki kira ƙanena Gausu, ki ce masa kada kafintocinsa su taɓa kwanon rufi ko ƙofar Inna sai na iso. Zai ce in ɗauki hoton da waya, kada ki tanka masa.

So nake in tsaya a bakin zaure, inda nake tsayawa in na dawo daga makaranta, in ga gidan duka sau ɗaya.

Bawah