Na Je Ƙauyenku, Bitrus

Limawa, Minna.

Zuwa ga abokina Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Na saba in ɗora da cewa ina fata kana lafiya, yau sai biro ya tsaya. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma shekara biyu ke nan saura kaɗan ina yi maka magana a zuci ina kan keken ɗinki, har masu kawo aiki sun fara lura bakina na motsi. Gara in rubuta.

Mutanen gida lafiya. Matarka Maman Ladi tana nan a Shango, ta ƙi tashi, ta ce nan ta saba. Ladi ta gama makarantar jinya, ni na ɗinka mata fararen kayanta na fara aiki. An hana acaɓa a cikin gari, ko ina ka duba Keke Napep ne. Jirgin ƙasa kuma ya dawo, Bitrus. Kai da ka yi shekara da shekaru kana taka layin dogo da ƙafa kana duba ƙusoshi, kana cewa wata rana zai dawo, muna yi maka dariya. Ranar da na fara jin kukansa daga shago sai da na ajiye almakashi. Wa zan je in gaya wa?

Ka tuna yadda muka fara? Shekarar da soja suka sauka daga mulki ka kawo min ɗinkin rigunan mawaƙan cocinku. Kana zaune kan benci kana jira, ka tambaye ni ko na taɓa ganin inda layin dogo ya ƙare. Na ce a Minna aka haife ni, amma in ka cire Limawa da kasuwa da hanyar Kano ban san ko'ina ba. Ka ce abin kunya ne. Asabar ɗin nan ka zo da tsohon babur ɗinka ka ce in hau.

Tun daga nan kusan duk wata muna fita. In Sallah ta zo ko Kirsimeti, kowa ruwan Gurara mai zubowa daga kan dutse yake nufa, motoci cike, da kiɗa da masu hoto. Kai ka ce sau ɗaya ka je, ba ka ga ruwa ba, ƙeyar mutane kawai ka gani. Mu sai mu ɗauki wata hanyar. Ka kai ni Tatiko muka zauna muna kallon matan Gwari suna gina tukunya, tsohuwar nan tana zagaya yumɓu da baya, hannunta bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ka kai ni Zungeru muka ci rake a ƙarƙashin tsohuwar gada. Ka kai ni Zumba, bakin ruwan Shiroro, na shiga kwale-kwale karo na farko, na riƙe rigarka har na yage maka aljihu, na dawo na ɗinke.

Baro ce ba na mantawa. Sau uku muka faɗi a laka bayan Agaie. Da muka isa ka kama hannuna muka bi ƙarfen jirgi cikin ciyawa har ya ƙare, ga kogin Kwara shimfiɗe a gabanmu, babu kowa sai Nufawa biyu suna gyaran komar kamun kifi. Kai mai surutu, kai da ko matarka "ya zo" kake ce mata maimakon "ta zo" ina gyara maka kana dariya, ranar nan ruwan kawai ka tsaya kana kallo. Azahar ta yi, ka gangara ka ɗebo min ruwa a gorar mai da ka wanke, ka koma gefe ka zauna har na idar.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Wuri ɗaya ka fi yi min maganarsa, ƙauyenku a kudancin Kaduna. Duwatsu, gonakin citta, da wani rafi da ka ce yana fitowa daga tsagin dutse da sanyi ko a watan zafi. Ka ce duk inda muka je bai kai shi ba. Da farko nisa ne ya hana, kullum sai baɗi. Daga baya aka yi rikicin nan na bayan zaɓe. Da ƙura ta lafa ka zo shago ka ce wannan Kirsimetin kam tare za mu tafi, ka riga ka gaya wa yayarka Saratu. Na ce ɗinki ya yi min yawa.

Ƙarya na yi maka, Bitrus. Tsoro nake ji. Na kalli gemuna da hulata a madubin shago, na ce in na shiga can ba zan fito ba. Ni da na hau bayanka shekara goma sha biyu, ka ratsa da ni dajin da ban san sunansa ba, ban taɓa tambayar ina za mu ba. Ka kalli ƙusar da nake rataye ɗinki, riguna uku ne kacal a kai. Ka ce ba komai, sai wani lokaci. Ba ka sake tayar da maganar ba. Ka gane, ko? Na san ka gane.

Da ciwo ya kama ka ya ci ƙarfinka aka ɗauke ka zuwa ƙauyenku, na ce zan biyo baya. Da labarin rasuwarka ya zo, na je Shango na yi wa Maman Ladi gaisuwa, na zauna kwana uku tare da mutanen cocinku. Jana'izar ban je ba. Nan ma na sami abin faɗa.

Watan jiya na je. Ni kaɗai. Na bi ta Suleja na canza mota sau uku, daga ƙarshe wani mai babur ya hau da ni dutsen. Na tambayi gidanku, wata mata mai shanya citta ta dube ni ta ce ko ni ne telan Minna. Ashe kowa ya san ni. Har labarin aljihun da na yage sun sani.

Yaya Saratu ta rungume ni tana kuka, ta ja ni wani ƙaramin ɗaki a bayan rumbu. Sabuwar tabarma a naɗe a kusurwa, ƙura ta rufe ta. Buta shuɗiya, takardar kanti na manne a jikinta. A bango kuma an ja kibiya da gawayi. Ta ce kai ka tanadi duka a Kirsimetin da ka gayyace ni, ka je har ruga ka tambayi wani Bafulatani ina ne alƙibla, ka dawo ka zana. Ta ce: "Ya ce kar mu goge, za ka zo. Ya ce kuma in ka zo, kai za ka yanka kazar da hannunka."

Na yanka. Na ci faten acca har na kasa tashi. Na yi la'asar a ɗakin ina fuskantar kibiyarka, ban san abin da na karanta ba.

Washegari ta kai ni rafin. Gaskiya ka faɗa, da sanyinsa. Na sha, na wanke fuska, na zauna kan dutse ina ta duba gefena. Me ya sa ban zo ba lokacin da kake da bakin nuna min? Da wane dutse za ka fara? Ina ne ka ce ka faɗo daga bishiyar ɗorawa ka karye?

Kabarinka yana bayan coci, ƙarƙashin wani mangwaro. Na cire ciyawar da ta fito da hannuna. Ban san irin addu'ar da zan yi maka ba, ban kuma tambayi kowa ba. Na ce Allah da ya halicce ka ya fi ni sanin wane ne kai. Sannan na ce ka yafe min, da ƙarfi, har Yaya Saratu ta juya baya ta ba ni wuri.

Zan koma baɗi lokacin tonon citta. Matata Hauwa ta ce da ita za a je, Maman Ladi ma haka. Na auna tagar ɗakin, zan ɗinka mata labule.

Ka huta lafiya, abokina.

Naka,
Isiyaku tela, wanda ya zo a makare.