Gogen da Ya Rufe Muryarki

Yendi, ranar Talata da hantsi

Zuwa ga Munawara, sanyin idona, ruwan randata a tsakar bazara, inuwar darbejiyar da zuciyata ke hutawa a ƙarƙashinta, mai muryar da ta raba ni da sukuni. Gaisuwa mai tarin yawa daga Mashud ɗinki, mai laifi, wanda ya zo a durƙushe.

Kwana goma sha ɗaya ke nan, Munawara! Kwana goma sha ɗaya wayata ba ta kawo mini ko tarinki ba. Ashe haka shiru yake da nauyi? Ina duban wayar nan kamar manomi na duban gabas a farkon damina, hadari ya haɗu ya watse, ko ɗigo babu. Tuwo ma ya daina yi mini daɗi.

Kin tuna ranar da motarku ta Bawku ta lalace a tashar Yendi? Kina zaune a kan buhun albasar yayarki, kina cin wasawasa, kina rera wani abu can ƙasa-ƙasa. Na tsaya da gogena a kafaɗa na ce ki maimaita, kika harare ni kika ce ai ke ba rediyo ba ce. Wallahi tun daga ranar ban sake zama nawa ba. Na yi ta addu'a kada makanikin nan ya gano abin da ya samu motar.

Muryar nan ce na tura wa Malam Jalil, tsohon nan na birnin Shiraz a ƙasar Farisa, wanda ya ga hoton bidiyona ya aiko cewa gogena ƙanin kamance ne, abin kiɗansu mai tsirkiya huɗu. Daga nan muka ɗaura aiki mu uku, ba wanda ke ganin wani. Shi ya aiko da kiɗa, ke ki ɗora murya a ɗakin ɗinkinki, zabin maƙwabta na ta kuka a bayanki, ni kuma in bi da goge daga nan. Sau da yawa nakan lumshe ido in ga kiɗan tsohon ya taso, ya ƙetare teku, ya ratsa sahara, ya sauka a hankali bisa kwanon gidanku, ya ɗauki numfashinki ya kawo mini har Yendi. Wane mai arziki ne ya taɓa samun irin wannan aike?

To ga inda na yi ɓarna. Kin san mu nan, a gidan biki ko suna, mai goge ba ya tsayawa. In ya yi shiru sai a ce izgarsa ta tsinke. Maigidana da ya koya mini, ranƙwashi nake sha in na bar ko ƙofar allura. Da baitinki na ƙarshe ya iso, na ji kin bar wurare kin yi shiru, sai na ɗauka giɓi ne. Ban ko saurare ki ke kaɗai ba. Na saƙala abin ji a kunne, na ja goge na cike ko'ina, har na haye kan layin ƙarshe inda muryarki ta yi ƙasa. Na aiko miki ina hura hanci. Kika rubuto kalma ɗaya, “Madalla”, kika ɗauke wuta.

Jiya Malam Jalil ya kira ni. Turancinsa gurgu, nawa makaho, amma mun ja juna mun isa. Ya ce a kiɗansu abin kiɗa ba ya shiga gaban mai waƙa, ba ya taka mata ƙafa. Jira yake ta gama, sannan ya maimaita abin da ta faɗa da tsirkiya, don ta san an ji ta. Amsa suke kiran wannan. Sai ya ce shi ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ya rantse layin nan naki na ƙarshe tambaya ce, kuma ba shi aka yi wa ba.

Kash! Na cire gogen na bar muryarki ita kaɗai. Sai ga ki, a hankali, cikin kunya: “Ɗan Salaga, jikan masu goro, yaushe goro zai san hanyar Bawku?”

Munawara, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige! Abin da na yi shekara ina mafarkin ji, kin faɗe shi, ni kuma na binne shi da hannuna. Tsoho a Shiraz ya ji ki, ni da nake kwana da sunanki a baki ban ji ba. Wace irin wauta ce ta fi wannan? Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na kira Kawu Seidu a Salaga, ya yi mini dariya har da tari. Ya ce kakanninmu sun kai goro har Kano a kan jakuna, Bawku ce za ta gagare mu? Ya riga ya zaɓi goro fari da ja, manya, an naɗe su a ganye. Ranar Asabar yake so shi da dattawanmu su taso su gaida Babanki. Amma na ce kada ya taka mota sai na ji daga bakinki.

Ga waƙar na sake aiko miki. Ko'ina kika tsaya na jira, sannan na amsa. Tambayarki ma na amsa ta da gogen, sau biyu. Bayanta kuma za ki ji shiru mai tsawon numfashi goma. Ba matsalar waya ba ce, hasken raina, wurinki ne na bar miki. In kin cika shi, alhamdulillahi. In kuma sai baɗi, gogen na kan cinyata, hannuna a ɗage, ba zan taɓa izgar ba.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da za a rataye gogen nan a bango,

Mashud