Bidiyon Da Kika Ce In Goge

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Umma, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Baba. Bidiyon nan da kika ce in goge, ban goge shi ba. Na ce miki na goge, kika ce to, kika ci gaba da tankaɗe. Ƙarya na yi miki, kuma har kika rasu ban gyara ba.

Kin tuna ranar? Kina zaune a tsakar gidanmu na Kwaciri kina haɗa yajin da kike sayarwa, ni kuma na ɗauki wayarki ina wasa. Kina yi wa maƙwabciyarmu bayanin yadda citta take danne komai in an cika ta, kina dariya. Sai kika ɗago kika gan ni. Kika ja mayafi kika rufe fuska, kika ce: "Saratu, ajiye wayar nan, ki goge."

Saratu kika ce. Ni ce 'yarki ta fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ƙannena kina kiran su da sunayensu, har da na wasa. Ni kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". Na san kunya ce irin ta uwa ga ɗan fari, ban taɓa jin haushi ba. Amma ranar sunan ya suɓuce miki, kuma waya ta kama.

Ga abin da ya faru a makon nan. Anti Binta, ƙanwarki, tana nan tana aikin tallata kaya a wani shagon sari a kasuwar Singa, kuma ita ce ta ci gaba da yajinki. Mai shagon ya tura ta horo na kwana uku a wani ɗakin taro a Sabon Gari, inda ake koya wa ma'aikatan talla yadda ake ɗaukar bidiyo da waya. Kyamarar wayarta ta tsage, sai ta ce in ara mata taki da ke hannuna. Na kasa cewa a'a, na kuma kasa miƙa mata. Na tsaya ina riƙe da wayar ina kallon ƙasa, har ta gaji ta ce in sa hijabi mu tafi tare.

Duk manya ne a wurin, da katuna rataye a wuya, suna ta Turanci. Na zauna a kujerar can baya. Mai koyarwar, Madam Ngozi, haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa fita. Ta ce a riƙa goge idon kyamara kafin a fara. Kada taga ta zama a bayan mutum, fuskarsa za ta yi duhu. A manne gwiwar hannu a jiki don kada hoto ya yi rawa. Na riƙe duka, ban san me ya sa ba, tunda ba domina aka taru ba. Sai ta ce kada a ɗauki kowa, ko a watsa hotonsa, sai da izininsa. Ta yi ta maimaitawa har aka fara dariya. Ni dai ban yi dariya ba.

Rana ta biyu aka koyar da yanka bidiyo. Aka ce kowa ya nemo wani tsoho a wayarsa a gwada da shi. Anti ta yi ta dubawa har ta ci karo da naki. Kafin in taso daga baya, Madam ta riga ta haɗa wayar da majigi.

Umma, sai ga ki a jikin bango, kin fi ƙofa girma. Ga ɗan yatsana a gefen hoton. Wani mutum ya ce shi har ya fara atishawa, aka yi dariya. Madam ta ce duk kuskuren da ta lissafa yana ciki, amma shi ne mafi kyau da ta gani ranar, domin matar nan da gaskiyarta take magana. Ta ce in Anti tana son yajin ya shiga gari, wannan za ta sa. Daƙiƙa huɗun ƙarshe kawai za a yanke, inda kika rufe fuska.

Anti ta ce lallai a yanke. A cikin adaidaita muna komawa gida ta ce da kina raye, da kunya ta kashe ki in duniya ta ji kin kira ni da suna, don haka yankewar sutura ce a gare ki. Tana faɗa tana share hawaye. Ta ce so take mutane su san yajin wa suke ci. Ban ga laifinta ba.

To amma kaina ya ɗaure. Madam ta ce sai da izini, kuma ita ce ta ce a yanke wurin da kika hana. In an yanke "ki goge", shi ke nan kin yarda? Wa ake tambaya izinin wanda ya rasu? Anti ta ce ita ƙanwarki ce, ta san zuciyarki. Ni ma na ji abin da kika faɗa da kunnena. Kuma ni da na ɓoye shi tun farko, ina da bakin magana? Wataƙila duk cikinmu ni ce na fara yi miki ba daidai ba.

Wani abin ma ban san yadda zan faɗe shi ba. Da kika bayyana a bango, na ji daɗi. Na so in miƙe in ce uwata ce. Ban miƙe ba.

Gobe ne ranar ƙarshe, kowa zai kai aikinsa. Yau da daddare bayan na idar da salla na buɗe wayar, na danna ɗan almakashin nan yadda Madam ta koya. Na yanka daidai inda ta nuna. Sai dai ɓangaren da suka ce a yar shi na ajiye. Sauran, da dariyarki da fuskarki, na kalle shi sau uku, sannan na goge. Na shiga inda gogaggun abubuwa suke taruwa, can ma na goge. Abin da ya rage mayafi ne kawai da muryarki, kuma ba mai jin sa sai ni.

Ban sani ba ko biyayya ce wannan ko rabin biyayya. Ban gaya wa Anti ba tukuna, bakina ba zai iya ba, wasiƙar nan zan ba ta ta karanta. In ta yarda, zan ɗauki bidiyon hannuwanta tana dakan yaji, ta kai shi gobe. Zan fara tambayar ta.

Ki yafe mini ƙaryar, Umma, da ɗan abin da na kasa sakewa. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa mu a can.

'Yarki ta fari,
Saratu