Yatsuna Sun Fi Ni Tunawa

Litinin, 3 ga Maris
An sallamo ni daga asibiti. Likita ta ce jinin da ya toshe a kaina ya taɓa inda sunaye ke zama. Hannu lafiya, ƙafa lafiya. Jitata na jingine bayan ƙofa, na wuce kamar ban gan ta ba.

Laraba, 5 ga Maris
Tsigi, mai gangar ƙungiyarmu, ya zo dubiya. Wai akwai wasa ƙarshen wata, in ba zan iya ba su nemi wani. Ya ambaci waƙoƙin da ya ce ni na tsara. Ko ɗaya ban gane ba, sai gyaɗa kai nake. Da ya tafi na tambayi maman yara, da gaske nawa ne? Ta ce, "Haba Malam, waƙoƙin da ka hana mu sakat da su?"

Asabar, 8 ga Maris
Yau kam kaina ya kulle. Auta na wanke-wanke tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na ɗauki jitar don in goge ta kawai, sai yatsuna suka bi muryarta tiryan-tiryan har ƙarshe. Ta saki kwano. "Baba, ka tuna!" Wallahi ban tuna komai ba. Kallon hannun nake kamar na aro.

Talata, 11 ga Maris
Likita ta ce sunan waƙa ma'ajiyarsa daban, amonta daban, abin da hannu ya saba daban. Na ce to ni wanne ne a ciki? Ta yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Na zauna musamman in kaɗa. Babu. Ina sa tunani, yatsu su sandare.

Lahadi, 23 ga Maris
Gwaji a ɗakin Tsigi. Ya daina faɗa min sunaye, ganga kawai yake bugawa, hannuna ya shiga. Ana tsaka da wata waƙa na tambayi kaina me ke biye, shi ke nan na ɓace. Kowa ya sunkuyar da kai. Gara a ce zagina suka yi.

Lahadi, 30 ga Maris
Gobe wasan. Da hantsi na tsinci kaina ina kaɗa wani abu mai sanyi. Na tambayi Auta, ba ta san shi ba. Mamansu ma haka. Na kira Tsigi ya saurara ta waya. Da na gama ya ce, "Maigida, wannan waƙar ba ta cikin namu. Sabuwa ce."
Daga ina ta fito? Oho.
Ban ce zan je ba. Na dai ce a goge min farar rigar nan tawa ta wasa.