Mai tuwon Rogo da ba ta taɓa kiran sunana ba

Admin don Allah a saka min wannan, amma a ɓoye sunana.

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya aiki. Ni kullum karatu nake yi a nan, ko kwament ban taɓa yi ba, yau ga shi abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don ni kaina ban sani ba ko gaskiya nake hangowa ko zargi ne ya yi min yawa.

Ni magidanci ne, na haura arba'in, a Kano na tashi kuma ni ne babba a gidanmu. Babanmu, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne ɗan asalin Tudun Kaya ta ƙasar Karaye, mutum ne da zaman birni bai taɓa yi masa daɗi ba. Tun ina firamare, daga ƙarshen shekarun tamanin har cikin na casa'in, da wuya wikend ya zo bai kwashe mu a 'yar motarsa mun tafi ƙauye ba, ni da ƙanina Sani da ƙanwata Bilki. Mu kwana gidan kaka, mu shiga gonar gyaɗa, mu gasa masara, bayan an yi dam kuma har bakin ruwa yake kai mu kallon masunta. Mahaifiyarmu, da muke kira Hajiya, malamar makaranta ce, ba ta cika bin mu ba.

To ga inda abin yake. Duk ranar Lahadi da za mu dawo, maimakon mu kama hanyar Kano, sai Baba ya juya kan mota ya nufi Rogo, wai za mu ci abinci. Wanda ya san wajen ya san ba a kan hanya take ba, ga titin a lokacin duk ramuka, ga masu abinci nan birjik a Karaye, ga kaka ta riga ta cika mu da fura. Amma sai Rogo, kuma rumfa ɗaya tak, ta wata Bafulatana 'yar garin Fulatan, ana ce mata Goggo Dije. Rumfar zana ce da benci da tulun ruwa, tuwon dawa take yi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, wani lokaci da naman zabuwa. Tuwon yana da daɗi ba ƙarya, amma bai kai a yi masa wannan doguwar tafiya ba.

Matar nan da ta hango motarmu za ta fito da fara'a, ta rungume Bilki, ta kama kunnen Sani tana tsokanarsa wai mijinta ya zo ba cefane, ta kira sunan kowa. Ni kuwa ko kallona ba ta yi. In na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa a ciki tana kallon tukunya. Su ta miƙa musu kwanonsu hannu da hannu, nawa kuwa yana can gefe a rufe da faifai tun kafin mu zo, sai ta ce da Bilki, "Ungo, miƙa wa wancan." Wancan, shi ne sunana a wurinta tsawon shekarun nan. Abin da ya fi ɗaure min kai, kwanon nawa ya fi na kowa man shanu, kuma in an yanka zabuwa ƙundun a cikin nawa yake. Har na taɓa zargin ko wani abu take barbaɗa min, na yi musayar kwano da Sani a ɓoye ina jiran in ga abin da zai same shi, babu abin da ya same shi sai ƙoshi.

Akwai ranar da Sani ya bangaje ni miya mai zafi ta zube min a ƙafa. Kafin Baba ya miƙe daga benci matar nan ta tsallake murhu ta sure ni, ta tsoma ƙafata a ruwan tulu, tana ta magana da Fulatanci, ni ba ji nake ba. Da ta ɗago ta ga mutane sun zuba mata ido sai ta dire ni kamar ta ɗauki abin da ba nata ba, ta shige bayan zana, har muka tafi ba ta fito ba. 

Da na shiga sakandare na fara jin kaina, zargina sai ya koma kan Baba, na ce lallai neman matar nan yake yi, mu kawai 'yan rakiya ne. Amma da na sa ido sai na ga ba sa ko hira, gaisuwa ce a tsaye, ya koma can ƙarshen benci ya kunna rediyonsa. Wata Lahadi a mota na ce ni na gaji da zuwa wurin matar da ba ta ƙaunata, a sauke ni a Karaye in jira su. Baba mutum ne mai sanyi, bai taɓa dukana ba, amma ranar ya taka birki a tsakiyar hanya ya yi min faɗan da ban taɓa ji ba, ya ce ko kowa bai je rumfar nan ba ni sai na je, kuma sai na cinye abin da aka zuba min. Da na kai ƙara wurin Hajiya ina tsammanin za ta goyi bayana, sai ta ce Baba ya yi min da sauƙi ma. Kuma sai yanzu nake tunawa, ita Hajiyar ce duk ranar Juma'a take tura ni aski, ta goge min kayana masu kyau ta ce na ranar Lahadi ne, ta ƙulla sabulu da man shafawa ta ce a kai wa mai tuwo. Sani da Bilki ko da kayan wasa suka je babu ruwanta.

Daga baya na tafi jami'a, Baba ya yi ritaya ƙafa ta dame shi, tafiyar ta mutu, ni ma na manta da wata Goggo Dije. Sai kwanakin baya na ce bari in kai iyalina ƙauye su ma su sha iska, a hanyar dawowa na ce bari in nuna musu inda muke cin tuwo muna yara. Rumfar babu ita, shaguna ne a wurin. Na tambayi wasu dattawa da ke zaune kusa da mai nama, ɗaya ya ce ai ta daɗe da komawa Fulatan, tana nan da rai amma ido ya yi rauni, jiki ma sai a hankali. Yana cikin magana sai ya ƙura wa 'yata ido ya ce, "Ikon Allah, wannan ai Dije ce tana yarinya, kamar an tsaga kara." Na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa, nan take ya canza zance ya koma tambayata hanya.

A mota na ba matata labarin rumfar tun daga farko, ina yi ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Matata 'yar ƙauye ce, har yau ba ta kiran sunan babban ɗanmu, ba ta wasa da shi a gaban mutane, saboda kunyar ɗan fari. Can ta ce, "Ka taɓa jin na kira sunan yaron nan? Ka taɓa ganin na miƙa masa kwano a gaban baƙi?" Wallahi sai da na gangara gefen titi na tsaya. Na san wannan al'ada tun ina yaro, a gidana ma ake yin ta, amma ban taɓa kawo ta kan rumfar Rogo ba. Sai kuma na tuna Hajiya gatsau take kiran sunana, har ƙawayenta suna yi mata tsiya wai ba ta kunyar ɗan fari, ita kuma ta yi dariya ta ce boko ne ya ɓata ta.

Na kira ƙanin Baba a waya na tambaye shi ko Baba ya taɓa yin wani aure kafin Hajiya, sai ya hau ni da faɗa wai wa yake zuga ni, in bar tone-tone, ya kashe wayar. Bai ce e ba, amma bai ce a'a ba. Na je gaida Hajiya, a cikin hira na ce mata mun biya ta Rogo, ban ambaci sunan kowa ba. Ta ajiye carbinta ta ce, "Tana nan da rai?" Na ce tana nan. Sai ta ɗauki carbinta ta ci gaba da ja.

'Yan uwa, Hajiya ita ta yi min komai, ban taɓa ganin bambanci tsakanina da su Sani ba, yanzu ga tsufa ga hawan jini. Ina tsoron in tambaye ta ta ji kamar na ce ba ta isa uwa ba. In kuma na je Fulatan na tambayi Goggo Dije, matar da ta kasa kiran sunana, anya za ta iya buɗa baki ta ce ita ta haife ni? Kuma idan duk zargina ne, in je in ɗora wa tsohuwa maganar da babu ita? In na yi shiru kuma ta rasu, ban san yadda zan yi da raina ba, don in uwata ce akwai haƙƙinta a kaina, ni kuwa ko gaisuwar kirki ban taɓa yi mata ba.

Jiya Hajiya ta aiko Bilki gidana da ƙulli, sabulu ne da man shafawa da atamfa, yana cikin but ɗin motata yanzu haka. Na tambayi Bilki ko akwai saƙo, ta ce Hajiya ta ce na san mai shi, kuma wai in yi aski kafin in je.

Don Allah me kuke ganin ya dace? In fara zama da Hajiya, ko in kama hanyar Fulatan ranar Lahadi? In na je kuma, in tambaye ta, ko in durƙusa in gaishe ta kawai in ci abin da ta sa aka miƙo min?